Pochoir

Pochoir wata dabara ce ta shafa launi da hannu a kan zanen da aka riga aka buga. Ta yi tashe a birnin Faris na ƙasar Faransa daga wajen 1910 zuwa shekarun 1930, lokacin da injin buga takarda bai iya fitar da launi mai kauri da ƙyalli ba.

Aikin na son haƙuri. Gwani zai zauna ya rarrabe launukan zanen ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yanka wa kowane launi nasa faranti na siririn tutiya ko tagulla, mai ramuka daidai inda launin zai sauka. Masu shafawa, galibinsu mata, sai su ɗora farantin a kan takarda su bi ramukan da gajeren buroshi mai kauri. Zane guda kan ci faranti talatin ko fiye, kuma haka za a bi kowane kwafi.

Masu tallan tufafi ne suka fi cin moriyar wannan dabara. Mai zane Paul Iribe ya zana rigunan mai tsara tufafi Paul Poiret da ita a 1908, kuma mujallar Gazette du Bon Ton, wadda Lucien Vogel ya kafa a 1912, da ita ta yi suna. A 1925 wani gwanin aikin, Jean Saudé, ya wallafa littafi sukutum kan sana'ar.

Tsada ce ta durƙusar da ita, musamman bayan karyewar tattalin arziki ta 1929. Duk da haka, da ita aka buga littafin Jazz na mai zane Henri Matisse a 1947.