Kishin Ƙasa da Jiji da Kai: Darasin 1969 da 1983

Wanda ya taso daga Nyanshegu ya shiga kasuwar Aboabo a Tamale, zai ji Dagbanci da Hausa da Mosanci a rumfa ɗaya. Wannan cuɗanya ta girmi iyakokin ƙasashenmu. Tun kafin zuwan Turawa fataken Kano da Katsina ke zuwa Salaga sayen goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka bazu zuwa Yendi da Kete Krachi da Kumasi, suka raya zanguna.

Kishin ƙasa ne ya kai Ghana ga 'yanci a 1957, Nkrumah yana kiran haɗin kan Afirka. Amma da tattalin arziki ya taɓarɓare, sai kishin ya rikiɗe ya zama jiji da kai: mu ne nagari, baƙo ne mai laifi. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice. Yarabawa da Hausawa da dama, har da haifaffun nan, suka karyar da kayansu suka tafi.

A 1983, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Korar ba ta cika aljihun kowa ba.

Yau Accra ce hedikwatar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka. Ran da kasuwa ta sake yin tsami, za a gane ko mun koyi darasin.