Tarihin Maganin Tsakuwar Ƙoda, Daga Masar Zuwa Sabo

Tun da aka kafa unguwar nan tamu a Ibadan a 1916, ba goro da shanu kaɗai kakanninmu suka yi fatauci ba, har da saiwoyi da sassaƙe. Cikin cututtukan da har yau ake nema wa magani a kasuwarmu akwai tsakuwar ƙoda, ciwon nan mai murɗa kwiɓi, ka ga ƙato yana birgima, wani sa'in har fitsari ya fito da jini.

Ciwon ba na yau ba ne. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen 925, ya rubuta littafi sukutum a kan tsakuwar ƙoda da ta mafitsara. Mutanen Masar kuwa sun daɗe suna dafa 'ya'yan wani tsiro da suke kira khilla su sha. A 1879 aka fara tato sinadarin da ke cikinsa, daga baya aka gano yana sassauta hanyar fitsari, tsakuwa ta samu wucewa. Amma fa in ya yi yawa, sai tashin zuciya, har ya taɓa hanta. Ashe magani gaskiya ne, awo shi ne sirrinsa.

Mu ma muna da namu, wato geron tsuntsaye, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira eyin olobe. A Peru sunan ɗan'uwansa na nufin mai fasa dutse, sai dai bincike bai tabbatar yana fasa babbar tsakuwa ba. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, galibi da kanta take fita, mai magani ya sha yabo. Babba kuwa, in ta toshe hanya, tana iya kashe ƙodar. Tun 1980 aka fara farfasa irinta da na'ura a Jamus, ba tare da an yanka mutum ba.

To jama'a, mu da muke yini cikin rana muna zufa, mu riƙa shan ruwa sosai, mu rage gishiri. Kwalbar da ake tallarta a tasha, babu awo babu suna, kada mu saya, kada mu sayar. In ciwo ya zo da zazzaɓi ko fitsari ya tsaya, sai asibiti, a ɗauki hoto. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.