Daga Hanyar Gwanja zuwa Hanyar Wata

Jama'a, a zamanin fatauci, ayarin da ya taso daga Kano ya biyo ta Sansanin Mango da Yandi zuwa Salaga sarin goro yakan shafe watanni a hanya. Madugu ba ya iya ganin hanyar duka. Jagaba ke gaba, labari kuma daga zango zuwa zango yake tafiya. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, fatake suka watse zuwa Kete-Krachi da sauran kasuwanni.

Yau masana na neman inda za su kafa irin waɗannan zanguna tsakanin duniya da wata, tafiyar kilomita kusan 384,000. Tun da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, gadin sama a kusa da gida ya tsaya. Taurarin GPS da ke nuna wa direban Bawku hanya a waya suna kilomita kusan 20,200, na talabijin kuwa kusan 36,000. Daga nan sai dokar daji. Hasken wata yana kashe idon na'urar hangen nesa, kuma abin da duniya da wata suke ja lokaci guda, wuyar bin sawu gare shi.

Makiyaya, ga wanda zai ba ku dariya. Ranar 4 ga Maris 2022 wani guntun roka ya faɗa bayan wata. Da fari aka ce na kamfanin SpaceX ne, daga baya masana suka ce na Sin ne, wanda aka harba a 2014. Sin ta musanta. Saniya ce ta yi ɓarna a gona, ba shaida a jikinta, kowa na cewa ba daga garkensa ta fito ba. A ganina wannan ya fi komai nuna cewa hanyar ba mai gadi.

Akwai wurare biyar da jan duniya da na wata suke barin tauraro ya zauna da ɗan mai kaɗan. Kusa da ɗaya daga ciki, can bayan wata, Sin ta ajiye Queqiao a 2018, shi ya riƙa miƙo saƙon Chang'e 4 da ya sauka a Janairun 2019. Gardamar yanzu ita ce taurari nawa za su isa gadin, kuma wa zai riƙe labarin da suka tara.

Mu nan Gana, tauraronmu na farko, GhanaSat-1, ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua ne suka haɗa shi, aka harba a 2017. Nauyinsa kilo ɗaya ne kacal, bai kai na mudun gero ba.