Yadda ake gane gidan piza mai kyau a birnin Napoli

Napoli, babban birnin kudancin Italiya, shi ne mahaifar piza irin wadda duniya ta sani a yau. Mutane kimanin dubu 900 ke zaune a cikin birnin, kuma da wuya ka ratsa unguwa ba ka tarar da gidan piza ba. Matsalar baƙo ita ce zaɓi: wani gidan don ƴan gari yake gashi, wani kuma don masu yawon buɗe ido da ba za su sake komowa ba. Ga musulmi akwai ƙarin damuwa, domin naman alade na shiga cikin nau'o'in piza da dama, ƙarƙashin sunayen da baƙo bai sani ba.

Abin da ake kira piza ta ainihi

Piza abincin talakawan Napoli ce tun asali, gurasa ce da ake sayarwa a bakin hanya. Nau'i biyu ne tushenta. Marinara tana ɗauke da tumatir, tafarnuwa, ganyen origan da man zaitun, ba ta da cuku ko kaɗan. Margherita kuwa tumatir ne da cukun mozzarella da ganyen basilik, ɗan uwan ɗoɗɗoya. Ana ba da labarin cewa wani magashi mai suna Raffaele Esposito ne ya raɗa mata sunan sarauniyar Italiya, Margherita, a shekara ta 1889, ko da yake wasu masana tarihi na shakkar labarin.

A shekara ta 1984 magasan birnin suka kafa ƙungiyar AVPN don kare sana'arsu, suka rubuta ƙa'idojinta. Tarayyar Turai ta yi wa pizar Napoli rajista a matsayin abincin gargajiya a 2010, sannan a watan Disamba na 2017 hukumar UNESCO ta saka sana'ar magasanta cikin al'adun gadon ɗan Adam.

Ƙa'idojin nan su ne ma'aunin da baƙo zai riƙe. Kwaɓin ruwa ne da garin alkama da gishiri da yis kawai, ba a sa masa mai ko kitse. Ana barinsa ya tashi na aƙalla awa takwas. Da hannu ake buɗe shi, ba a murza shi da sanda. Faɗin piza ba ya wuce santimita 35, tsakiyarta siririya ce, gefenta kuma ya kumbura da santimita ɗaya zuwa biyu. Ana gasa ta a tanderun itace mai zafin kusan digiri 485, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90.

Abin da za ka duba kafin ka zauna

Fara da tanderu. A gidajen gargajiya ba a ɓoye shi, ginin tubali ne mai kama da ƙubba, kana hango harshen wuta a gefe ɗaya da tulin itace a kusa. Idan ka ga magashi na buɗe kwaɓi a gabanka, wani na jefa shi a wuta da doguwar faranti mai mariƙi, alama ce mai kyau. Idan kuwa an jera piza da aka riga aka gasa, ana ɗumama wa duk wanda ya zauna, wuce gaba.

Sai takardar jerin abinci. Gidan da ke sayar da piza da taliya da kifi da nama, da hotunan abinci a ƙofa da wani mutum yana kiran masu wucewa, ba ƴan unguwa yake jira ba. Gidan kirki jerinsa gajere ne, Margherita da Marinara ne a sama.

Na uku, duba masu layi. Layin da ke cike da iyalai da ma'aikata masu magana da harshen gari ya fi layin masu ɗaukar hoto faɗin gaskiya. Ƴan Italiya ba sa cin abincin dare da wuri, sai wajen ƙarfe takwas gidajen ke cika. Wanda ya zo ƙarfe bakwai, ko da tsakar rana kafin ƙarfe ɗaya, zai rage jira.

Wasu gidajen na kafa alamar AVPN a ƙofa, hoton Pulcinella ne, ɗan wasan gargajiyar Napoli mai fararen kaya da baƙin abin rufe fuska. Alamar na nuna gidan ya amince da ƙa'idojin ƙungiyar. Amma akwai gidaje masu kyau da ba su shiga ƙungiyar ba, don haka rashin alamar ba hukunci ba ne.

Abin da za ka duba a cikin faranti

A gidan da ba ka sani ba, nemi Margherita. Kayanta kaɗan ne, babu inda magashi zai ɓoye kuskurensa. Gefenta, wanda suke kira cornicione, ya kamata ya zama mai laushi da iska a ciki, da ɗigo-ɗigon ƙuna a jikinsa. Idan ka danna shi da yatsa ya dawo yadda yake, kwaɓin ya tashi sosai. Idan ya yi tauri ko cikinsa ya yi danƙo, an yi gaggawa. Ɗaga ƙasanta ka gani: ja-ja da ƴan tabon wuta ake so, ba fari fat ba, ba kuma baƙi ƙirin mai ɗaci ba.

Tumatirin da aka fi yabo shi ne San Marzano, wanda ake nomawa a filayen da ke kusa da dutsen Vesuvio mai aman wuta. Cuku iri biyu ne: fior di latte na nonon saniya, da mozzarella di bufala na nonon ɓauna, wanda ya fi tsada kuma ya fi ruwa. Dukansu ɗanyen cuku ne mai laushi, ba busasshe irin wanda muka saba gani a kasuwanninmu ba. Saboda haka tsakiyar pizar Napoli takan yi ɗan ruwa-ruwa, ana cinta da wuƙa da cokali mai yatsu ko a naɗe ta. Wanda ya fi son mai ƙaras-ƙaras, pizar birnin Roma ce tasa.

Unguwanni da gidajen da suka yi suna

Titin Via dei Tribunali, a tsakiyar tsohon gari, shi ne ya fi tara sanannun gidaje. A nan gidan Sorbillo yake, da Di Matteo, inda shugaban Amurka Bill Clinton ya tsaya ya ci piza lokacin taron G7 na 1994. A unguwar Forcella akwai Da Michele, wanda iyalinsa ke danganta sana'arsu da shekara ta 1870. Ya yi suna da tsayawa kan Margherita da Marinara shekaru masu yawa, kuma a ƙofa ake karɓar lamba a jira kira. Kusa da dandalin Dante akwai Port'Alba, da ake ƙirgawa cikin mafi tsufa a birnin, sai Starita a unguwar Materdei.

Suna na kawo cunkoso, wani lokaci jiran ya wuce awa guda. Mai gaggawa na iya sayen pizza a portafoglio a taga, ƙarama ce da ake ninkewa gida huɗu cikin takarda a ci a tsaye. Mai son bincike kuma zai iya duba kundin Gambero Rosso ko jerin 50 Top Pizza, waɗanda ake sabuntawa kowace shekara.

Kalmomin da musulmi zai kiyaye

Kwaɓin da aka yi bisa ƙa'ida ba shi da kitsen dabba, haɗarin yana cikin abin da ake ɗorawa a kai. Prosciutto, salame, salsiccia, pancetta, speck da 'nduja duk naman alade ne. Pizar Diavola na zuwa da salame mai yaji, Capricciosa kuma da prosciutto. A kula sosai da pizza fritta, wadda ake soyawa cikin mai: cikinta a rufe yake, kuma bisa al'ada ana zuba mata ciccioli ko cicoli, wato soyayyen kitsen alade. Strutto da sugna ma sunayen kitsen alade ne. Kalmar peperoni kuwa a Italiya tattasai take nufi, ba naman da Amurkawa ke kira da suna mai kama da wannan ba. Jimlar da za ka riƙe ita ce "senza maiale", ma'ana ban da alade. Margherita da Marinara ba su da nama ko kaɗan.

A Paris ko wani birni mai amfani da Faransanci, kalmomin su ne jambon, lardons da chorizo, kuma pizar da ake kira Reine da jambon ake yinta.

Batun kuɗi

Napoli na cikin biranen Italiya da piza ta fi araha. A gidajen gargajiya Margherita ba ta cika kai Yuro 10 ba, wato kimanin jika shida da rabi na sefa. Wanda ya zauna a tebur zai ga an ƙara masa coperto, kuɗin zama ne da ake lissafawa kan kowane mutum, kuma ya kamata a same shi rubuce a takardar jerin abinci. Ruwan sha ma saye ake yi. Idan farashin Margherita ya ninka haka a gidan da ke fuskantar wurin yawon buɗe ido, kuɗin wurin kake biya. Shiga lungu biyu ko uku ka sake dubawa.