Abin da Ke Cikin Jakar Ejan Inshora, Jiya da Yau

Sana'ar bi gida-gida ana sayar da inshora a unguwannin ma'aikatan Ingila aka haife ta, kuma tsoro ne ya haife ta. Talakan wancan zamani babu abin da yake gudu kamar ya mutu ba a bar kuɗin jana'izarsa ba, hukuma ta binne shi a kabarin matsiyata. Dokar da aka yi a 1832 ta ƙara wa tsoron ƙarfi, domin ta halatta a miƙa wa likitoci masu koyon fiɗa gawar da ba wanda ya zo ɗauka. Kamfanin Prudential, wanda aka kafa a Landan a 1848, ya lura da wannan damuwa. A 1854 ya fara sayar wa leburori inshorar rai ta kwabo ɗaya a mako, ya kuma tura mutum ya je har ƙofar gida ya karɓa, tunda lebura ba shi da asusun banki.

Babban kayan aikin wannan mutum shi ne littafin zubi. Kowane gida da layinsa: suna, lambar yarjejeniya, abin da ake zubawa, sai ƙananan gidaje na makonni da ake cikewa ɗaya bayan ɗaya. Littafin yana da ɗan'uwa ƙarami da ke zama a hannun matar gida, in an karɓi kuɗi ejan ya sa hannu a ciki a gabanta. Wanda ya san mai karɓar asusu da ke zagaya kasuwa da katinsa ya san tsarin. Ban da wannan akwai littafin farashi mai nuna abin da mai shekara kaza zai zuba da abin da magadansa za su samu, akwai fom na sabon shiga, da jakar fata ta tsabar kuɗi, da keke. Zagayen yakan faɗo ne da zarar an biya albashin mako, kafin kuɗin su bi ta wata hanya. A wasu kamfanonin littafin zubi dukiya ne, ejan da zai yi ritaya yakan sayar wa magajinsa.

Amurka ta ɗauki salon. John Dryden ya kafa nasu Prudential a Newark a 1875, Metropolitan Life ya shigo fagen a 1879. Amma tarihin wannan sana'a tamu yana da tabo, kuma a cikin jakar tabon yake. An daɗe ana ba baƙar fata diyyar da ba ta kai ta farare ba a kan zubi iri ɗaya, ko a caje su fiye da kima, abin da ya sa suka kafa nasu kamfanoni irin su North Carolina Mutual a 1898. A Ingila kuma matsalar ita ce mutuwar yarjejeniya: mutum ya yi shekaru yana zubi, aiki ya ƙwace masa, ya tsallake wasu makonni, duk abin da ya tara ya bi ruwa. Wannan na cikin abin da ya jawo dokar 1923 da ta sa wa harkar linzami, kuma rahoton Beveridge na 1942 ya soki yawan abin da kuɗin zagaye da kamasho ke cinyewa daga zubin talaka. Da albashi ya koma banki, zagayen ya daina biyan kansa. A 2001 Prudential na Ingila ya sallami rundunarsa ta masu bi gida-gida.

A Najeriya, Royal Exchange ya buɗe reshe a Legas a 1921, gwamnati ta kafa kamfanin NICON a 1969, hukumar NAICOM mai ba mu lasisi ta zo a 1997. Inshorar jana'iza ba ta samu gindin zama a Arewa ba, kuma dalilin a fili yake: likkafani da makara ba sa cin dukiya, jama'ar unguwa ne ke haƙa kabari. Abin da muka fi tallatawa shi ne tanadin karatun yara, da gobarar shago, da mota.

Lokacin da na shiga aikin, jakata tana ɗauke da katin shaida, littafin farashi, kalkuleta, fom, littafin rasit mai takardar kabon, biro fiye da ɗaya, da ɗan akwatin tawadar dangwale domin wanda ba ya sa hannu da boko. Namiji ba ya wuce zaure. A nan ake shimfiɗa tabarma, a gaisa a tambayi iyali da kasuwa, sannan a buɗe jaka. Maigida zai ce, "To Malam, in ban mutu ba, gobara ba ta tashi ba, kuɗina fa?" Sai ka ɗora yatsa a kan layin shekarunsa, ka bi shi a hankali har adadin da ke gabansa. Wahalar farko takan zo wajen shekarun haihuwa, domin da yawa ba su da takarda, sai a yi ta lissafi da shekarar canjin kuɗi ko ta rasuwar wani sarki. Kuskure a wannan gurbi yana iya zama rigima ranar biyan diyya, lokacin da mai maganar ba ya nan. Cikin gida kuwa abokan aikinmu mata ne ke shiga, kuma su ne suka fi jin ainihin damuwar iyali.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta halasci, saboda riba da rashin tabbas. Amsarta ta fara fitowa daga Sudan, inda aka kafa kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, na farko a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka biyo baya. Ejan takaful yana ɗauke da shaidar kwamitin malamai, yana bayanin cewa zubin gudummawa ce ga asusun taimakon juna, in an samu rara a raba.

Yau jakar ta yi sauƙi. Farashi da fom suna cikin waya, ana neman lambar NIN, zubi yana tafiya ta banki kai tsaye, saƙon tabbaci ya shigo nan take. Wannan ci gaba ne na gaske, domin ya toshe ƙofar da ɓata-garin cikinmu suke bi su karɓi kuɗi su ƙi kaiwa ofis. Doka ta ce in kamfani bai karɓi zubi ba, babu kariya, don haka rasit na bogi yana iya rusa gida guda.

Abin da ke damuna shi ne ɗan littafin nan da ake bari a gida ya ɓace, ba a maye gurbinsa da komai ba. Waya tana ɓata, layi yana mutuwa, maigida yana rasuwa iyalinsa ba su san ya taɓa yin inshora ba. Shi ya sa nake roƙon matasan da ke ɗaukar jaka yanzu kada su bar zaure sai sun bar takarda a hannu mai sunan kamfani, lambar yarjejeniya da lambar wayar ofis. Su faɗa da Hausa abin da zai faru in zubi ya tsaya, su kuma nemi maigida ya sanar da matarsa ko babban ɗansa inda takardar take. Marayun da aka yi tanadin dominsu ba za su nemi haƙƙin da ba su san da shi ba.