Manhajar zana hoto: wacce za ka ɗauka?

Daga nan Zonkwa nake tura citta Kudu, kuma 'yan uwa a Legas da Fatakwal kan tambaye ni da me nake haɗa hoton talla. Ga su.

Meta AI: tana cikin WhatsApp, kyauta ce, ta shigo Najeriya a 2024. Ta isa hoton gaisuwa.

ChatGPT da Gemini: sun fi jin umarni, amma na kyautar yana da iyaka.

Canva: ita nake ba katin biki, don da hannuna nake rubutun. Sauran kan lalata ƙ, ɗ da ɓ.

Amma fa hoton buhunan kayanka, ɗauka da waya. Mai saye ya gane zane ne, ka rasa amana, ka rasa ciniki.