Delta ƙasa da sifiri: tarihin lissafin da ya haifi rediyo

Duk ɗalibin lise ya haddace wannan magana tun kafin ya kai ajin ƙarshe: idan delta ya gaza sifiri, lissafin ba shi da amsa. Ya rubuta, ya ja layi biyu, ya wuce. Sai ya iso tarminal, a zo darasin da ake kira ekwasiyon difarensiyel, ya tarar deltan nan ya dawo, kuma yanzu an ce masa wanda ya gaza sifirin ma yana da amsa, har da kosinus da sinus a cikinta. Can a ajin fizik, wani mushen ya zana bobin da kondansater da rezistans a allo, ya rubuta kusan abu ɗaya da wasu haruffa na daban. Yara da yawa har su gama bak ba su gane cewa abu ɗaya aka koya masu sau biyu ba. Abin da ke isa kunnen iyaye kuwa shi ne, wai darasin na cin jarrabawa ne kawai.

Ga iyayen da ba su bi ta wannan aji ba, bari in fara da abin da ake nema. A lissafin da aka saba, lamba ake nema. A wannan kuwa, ana neman yadda abu ke sauyawa da tafiyar lokaci. Ku dubi shayi a kofi. Da an zuba shi yana hucewa da sauri, in ya kusa kai zafin ɗaki sai hucewar ta koma a hankali. Wato saurin sauyawar ya danganta da yawan zafin da ya rage. In aka rubuta wannan dangantaka da haruffa, aka nemi zafin shayin a kowane minti, to an warware irin wannan lissafi ke nan.

Wanda ya tsara hanyar da muke koyarwa yau shi ne Leonhard Euler, ɗan garin Basel na ƙasar Suwis, wanda aka haifa a 1707. A watan Satumba na 1739, yana aiki a San Fitasbag ta ƙasar Rasha, ya rubuta wa tsohon malaminsa Johann Bernoulli wasiƙa yana bayyana masa dabarar, sannan ya buga ta cikakkiya a Balin a 1743. Dabarar ba ta da tsawo. Akwai wani abu a lissafi, e^(rt), mai hali na daban: in ka nemi saurin sauyawarsa, abin da muke kira deribe, shi ɗin zai dawo maka, an ninka shi da r kawai. In ka sake, ya dawo an ninka shi da r². Euler ya ce to mu ɗauka amsar tana da wannan siffa. Da ya saka ta cikin ay″ + by′ + cy = 0, sai e^(rt) ya fito a kowane ɓangare, aka kawar da shi gefe, abin da ya rage shi ne ar² + br + c = 0. Babban lissafi ya rikiɗe ya zama ƙarami, irin wanda Al-Khawarizmi ya nuna yadda ake warwarewa a Bagadaza wajen shekara ta 820.

A nan ne delta ke shigowa, kuma a nan ne Euler ya yi abin da ya bambanta shi. In delta ya gaza sifiri, dole a nemi rasin kare na lambar da ke ƙasa da sifiri, abin da masana da yawa na lokacin ke yi wa kallon tatsuniya, har ake kiran irin waɗannan lambobi "na zato". Euler bai jefar da su ba. Ya nuna cewa in aka ɗora lambar zato a kan e, abin da ke fitowa kosinus ne da sinus, wato abu mai kai da kawowa, ya hau ya sauka. Hankalinsa a lokacin yana kan sandar ƙarfe mai rawa in an buge ta da makamantanta. Lantarki bai cikin lissafinsa ko kaɗan, don a 1743 babu batiri, babu ƙwan fitila, babu waya ko ɗaya mai ɗauke da kuran.

Shekara biyu zuwa uku bayan haka, a 1745 da 1746, wani malamin coci a Jamus, Ewald von Kleist, da wani farfesa a garin Leiden na Holan, Pieter van Musschenbroek, kowa da kansa, suka gano ana iya tara lantarki a cikin kwalba. Kwalba ce da ruwa a ciki, da ƙarfe da ya ratsa murfinta. Musschenbroek ya taɓa ƙarfen yana riƙe da kwalbar, ta jijjiga shi har ya rubuta wa wani masani a Faris cewa ko mulkin Faransa za a ba shi, ba zai sake ba. Wannan kwalba ita ce kakar kondansater, irin wanda mai gyaran fanka ke canza maka in ta ƙi tashi sai an tura ta da hannu. An daɗe ana wasa da ita. A Faransa an jera sojojin sarki 180 suna riƙe da hannun juna, aka sakar masu ita, suka zabura a tare. Kowa ya ɗauka lantarkin fita yake sau ɗaya, tartsatsi ɗaya, kamar a tuntsurar da tulu.

Allura ce ta fara tona asiri. Wajen 1827 wani Bafaranshe, Félix Savary, yana ajiye allurai na ƙarfe kusa da wayar da ake sauke kwalbar ta cikinta, don su zama maganaɗisu. Da lantarkin hanya ɗaya yake bi, da duk alluran sun fuskanci gefe ɗaya. Sai ya ga wasu sun juya nan, wasu can. A 1842 Joseph Henry ya maimaita gwajin a Amurka, ya ce ba abin da zai bayyana haka sai in lantarkin tafiya yake ya dawo, ya sake tafiya, kowane zuwa ya fi na baya rauni, har ya mutu. Hasashe ne mai kyau, amma babu wanda zai iya cewa yaushe hakan ke faruwa, ko sau nawa a cikin daƙiƙa.

A tsakanin nan an samu kayan aiki: dokar Ohm a 1827, binciken Faraday a 1831 kan yadda maganaɗisu mai motsi ke haifar da lantarki a waya, da dokokin Kirchhoff a 1845, waɗanda ya fitar yana ɗalibi ɗan shekara 21.

Wanda ya haɗa kwalbar Leiden da lissafin Euler shi ne William Thomson, farfesa a Glasgow, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin. A 1853, bai kai shekara 30 ba, ya zauna ya bi sawun ƙarfin da ke tare cikin kwalbar: wani ya koma cikin maganaɗisun da ke kewaye wayar, wani ya ɓace a zafi. Da haruffan da muke amfani da su yau, abin da ya samu shi ne Lq″ + Rq′ + q/C = 0. Harafin q shi ne cajin da ke cikin kwalba, C girman abin da za ta iya ɗauka, R tirjiyar waya, L kuma halin naɗaɗɗiyar waya, wato bobin, na ƙin yarda kuran ya sauya farat ɗaya.

Wannan L ɗin shi yara suka fi kasa ji a jikinsu, ni kuwa da lilo nake kwatanta masu. Ka ja yaro baya a kan lilo ka riƙe: kondansater ne cike. Ka sake shi, ya taho. Da ya iso tsakiya, inda ya kamata ya tsaya, ba ya tsayawa, nauyinsa ya wuce da shi ɗaya gefen. Haka bobin ke yi: ko kwalbar ta ƙare, kuran ɗin da ya riga ya taso ba ya yankewa, sai ya ci gaba ya cika ta a juye, sannan ta sake saukewa ta baya. Tirjiya kuwa ita ce ƙafar yaron da ke jan rairayi. In ƙafar na ɗan shafar ƙasa ne, zai yi ta kai da kawowa yana raguwa. In ya tura ta sosai cikin rairayi, a hankali zai sulalo tsakiya ya tsaya, ko sau ɗaya ba zai wuce ba.

Thomson ya bi hanyar Euler mai shekara 110, ya samu Lr² + Rr + 1/C = 0, delta kuma ya zama R² − 4L/C. In delta ya haura sifiri, cajin zai sulale ya mutu shiru. In ya yi daidai da sifiri, zai mutu cikin mafi ƙanƙantar lokaci ba tare da ya wuce ba, kuma irin wannan hali ake nema wa allurar na'urar awo don ta tsaya cak maimakon ta yi ta rawa. In ya gaza sifiri, lantarki zai yi lilo, kuma in tirjiyar ƙarama ce, tsawon zuwa da dawowa ɗaya shi ne T = 2π√(LC). Malami na iya gwada wa aji da lambobi masu sauƙi. A ɗauki bobin mai hanri 0,1 da kondansater mai mikrofarad 10. Sai 4L/C ya ba da 40 000, rasin karensa 200. Ke nan duk tirjiyar da ta gaza om 200 za ta bar lantarki ya yi lilo, kuma in ƙarama ce sosai, zai yi shi kusan sau 159 a daƙiƙa ɗaya.

A nan ina da magana da mu malamai. Wannan "ba shi da amsa" da muke sa yara su haddace, rabin gaskiya ce. Cikakkiyar ita ce ba shi da amsa a cikin lambobin gaske, kuma kalmomin nan na ƙarshe su muke haɗiyewa don sauri. Yaron da ya yi shekara biyu yana ɗaukar delta ƙasa da sifiri a matsayin bangon da ba a wucewa, da wuya ya yarda da mu ranar da muka ce masa ƙofa ce. Kuma ba zai ci mushen lissafi da na fizik fiye da zama ɗaya a ɗakin malamai ba su daidaita makon da za su koyar da darussan biyu, har ɗaya ya ari haruffan ɗaya.

Thomson bai ga lilon da idonsa ba, a takarda ya gan shi. Amma ya ba da shawarar a kalli tartsatsin ta cikin madubi mai juyawa da sauri. Wani matashi Bajamushe, Berend Wilhelm Feddersen, ya yi aikin tsakanin 1857 da 1862. Madubin na juyawa, hasken tartsatsin na faɗawa wuri daban-daban a kan farantin hoto, sai abin da ido ke gani walƙiya ɗaya ya fito jeri, haske da duhu, haske da duhu, yana dusashewa. Ya ƙara tirjiya, jerin ya ɓace. Ya ƙara yawan kwalabe, tazarar ta ƙaru gwargwadon rasin kare, kamar yadda lissafin ya faɗa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1887 da 1888, a Karlsruhe, Heinrich Hertz ya rage L da C ƙwarai har lilon ya kai miliyoyi a daƙiƙa, ya nuna cewa irin wannan lilo na aika igiyoyi cikin iska, wani zoben waya a ɗaya gefen ɗakin ya kama su ya yi ɗan tartsatsi. Matsalar masu aika saƙo ba waya na farko ita ce kowa na jin kowa, kamar kasuwa ranar cinta. Maganin ma yana cikin lissafin. In aka sa wani abu a hannun dama maimakon sifiri, wato ana tura lilon daga waje, amsar na girma ƙwarai idan turawar ta zo daidai da lokacin lilon kansa, ta kuma kasance ƙarama in ta saɓa. Duk wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san haka. Oliver Lodge ya yi rajistar wannan dabara ta daidaita mai aikawa da mai karɓa a Ingila a 1897, Marconi ya biyo da tasa mai lamba 7777 a 1900.

Lambobin zato kuma suka shiga hannun injiniyoyi. A 1893 Arthur Kennelly da Charles Steinmetz, a Amurka, suka nuna cewa ga kuran mai kai da kawowa, irin wanda NIGELEC ke kawo mana yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ba sai an warware dogon lissafin kowane lokaci ba: a ba bobin da kondansater "tirjiya" ta lambar zato, a yi aiki da su kamar dokar Ohm. Da yake harafin i na tsaye wa ƙarfin kuran a wajen masu lantarki, sai j ya zama harafin rasin kare na −1 a wajensu, abin da har yau ke rikita ɗalibi in ya fito daga ajin lissafi ya shiga na fizik.

Wanda ke da tsohuwar rediyo mai maɓallin murɗawa da ta lalace, ya buɗe bayanta ya nuna wa yaransa. Maɓallin neman tasha yana juya wasu siraran faranti ne, suna shiga tsakanin juna suna fita, wato yana sauya C. A ɗauki bobin mai mikrohanri 0,1 da kondansater mai pikofarad 25, a saka su cikin 2π√(LC): zuwa da dawowa ɗaya zai ɗauki kusan kashi ɗaya cikin miliyan 100 na daƙiƙa, wato allura na kan 100 a layin FM. A ɗan murɗa farantan su ƙara shiga juna, C ya hau zuwa pikofarad 30, allura ta sauko wajen 92, wata tasha ta shigo.